Yadda Ake Kare Ƙwaƙwalwar Yaro Mai Ciwon Suga

A gidan da ake da yaro mai ciwon suga, tsoron da ya fi kowane girma shi ne kada suga ya faɗi. Uwar da ta taɓa ganin ɗanta ya jiƙe sharkaf da gumi, ido ya kakkafe, jiki na karkarwa, ba ta mantawa. Daga ranar sai ta riƙa rage allura a ɓoye, ko ta ɗura masa koko mai sukari kafin ya kwanta, don ta ga na'urar auna suga ta nuna lamba mai yawa kamar 250 ta samu ta runtsa. Ba laifinta ba ne. Likitoci ma sun daɗe a kan wannan tunani. Kafin 2014, ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta yarda a bar gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan watannin baya, na yaron da bai kai shekara 6 ba ya kai kusan kashi 8.5, duk don gudun faɗuwar suga. A waccan shekarar ta rage ma'aunin, kuma yau ƙungiyar ISPAD ta likitocin ciwon suga na yara ta duniya tana neman ƙasa da kashi 7 ga yawancin yara.

Abin da ya sauya ra'ayin masana shi ne an gano cewa sugan da ya hau ya zauna a sama, wanda ba ya sa yaro suma kuma ba ya tayar da hankalin kowa, yana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali. Barin yaro a sama ba mafaka ba ce. Aikin da ke gabanku shi ne riƙe shi a tsakiya, kuma ana iya yi ko da kayan aiki kaɗan ne.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiyarsa. Abin da jini ya kawo mata a wannan minti da shi take rayuwa. Ta babba tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke amfani da shi. Ta yaro ɗan shekara 4 zuwa 10 kuwa ta fi haka ci nesa ba kusa ba, har wasu sassanta kan ninka na babba wajen shan suga. Dalili shi ne gini ake yi. Kafin yaro ya kai shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girman ta babba, amma aikin haɗa jijiyoyi da lulluɓe su da wani farin kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ba ya ƙarewa sai an haura shekara 20. Wannan lulluɓin shi ke sa saƙo ya yi gudu, yaro ya fahimci magana da sauri, ya riƙe karatu.

Suga mai yawa yana shiga ƙwaƙwalwa ko babu insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki. Idan ya yi mata yawa kullum, yana manne wa sinadaran gina jiki, yana haifar da kumburi marar ciwo, yana raunana ƙananan hanyoyin jini, yana kuma kawo cikas ga wancan lulluɓin. Wani rukunin asibitoci a Amurka mai suna DirecNet ya ɗauki yara 144 masu ciwon suga nau'i na ɗaya, 'yan shekara 4 zuwa ƙasa da 10, da wasu 72 marasa ciwon, aka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI ana gwada fahimtarsu na tsawon kimanin shekara 6. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna masu ciwon suna da ɗan ƙarancin girman ƙwaƙwalwa da ɗan ƙarancin maki a gwajin fahimta, musamman ta fuskar harshe, kuma gibin ya fi faɗi a wurin waɗanda sugansu ya fi daɗewa a sama. A birnin Melbourne na Ostireliya ma, Elizabeth Northam da abokan aikinta sun bi yara shekara 12 tun daga ranar da aka gano ciwon, suka ga raguwa a wajen maida hankali, saurin tunani da riƙe abu.

Kada wannan ya karya muku zuciya. Gibin da ake magana ƙarami ne, 'yan maki kaɗan, kuma yawancin yaran suna cikin sahun sa'o'insu. Akwai likitoci, injiniyoyi da mahaddata masu wannan ciwo tun suna ƙanana. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne uku: wanda ciwon ya kama kafin shekara 6 ko 7, wanda sugansa ya daɗe a sama, da wanda ya sha faɗawa suma, ko ta faɗuwar suga mai tsanani ko ta gubar da likitoci ke rubutawa DKA. Na farkon ba a hannunku yake ba. Biyun ƙarshe su ne abin da sauran wannan bayani zai bi.

Mataki na farko: gane ciwon kafin ya kai ga suma

Ciwon suga na yara, nau'i na ɗaya, ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin a wata gaɓa da ke bayan tumbi. Alamunsa a bayyane suke ga wanda ya san su: yawan fitsari dare da rana, ƙishirwar da ba ta yankewa, ci da yawa amma ana ramewa, kasala. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ko aka ga tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, a kai shi a soki yatsarsa a ranar, ba mako mai zuwa ba. Idan gwaji ya nuna 200 ko fiye tare da waɗannan alamu, ciwon suga ne, kuma yana bukatar insulin ba tare da jinkiri ba.

A ƙasashenmu yawancin yara ba a gano su sai sun riga sun shiga DKA. Idan babu insulin, jiki na ƙona kitse, ƙonewar na barin wata guba mai suna kiton, jini ya yi tsami. Yaro sai ya fara amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na wari kamar na 'ya'yan itacen da suka fara ruɓewa, sannan barci mai nauyi. A nan ake asarar kwanaki: an ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an koma na taifot, an ce ciwon haƙarƙari ne saboda numfashin. Duk inda kuka kai yaro mai irin wannan hali, ku buɗe baki ku ce a gwada masa suga. Gwajin ba ya cin minti ɗaya.

DKA shi ne mafi haɗarin abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro farat ɗaya. Kimanin ɗaya cikin ɗari zuwa ɗaya cikin ɗari biyu na yaran da suka shiga cikinsa ƙwaƙwalwarsu na kumbura, kuma wannan kumburin shi ne kan gaba wajen kisa. Ko waɗanda suka fita lafiya, an ga wasu da ɗan rauni wajen tuna abu bayan watanni. Idan an kwantar da ɗanku ana ƙara masa ruwa, ku zauna a bakin gadon, musamman awa 12 na farko. Ciwon kai mai tsanani, amai bayan ya tsaya, sambatu, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, a kira ma'aikacin jinya nan take.

Mataki na biyu: ku san lambobinku

Gurin da ake nema shi ne sugan yaro ya zauna tsakanin 70 da 180 mafi yawan yini. Idan na'urarku ta mmol ce, tsakanin 3.9 da 10 ke nan. A Nijar, Chadi da Kamaru, inda ake rubutawa da giram a lita, 0.70 zuwa 1.80. Ku duba wace irin na'ura ce a hannunku tun ranar da kuka saya, ku rubuta iyakokin a jikin bango. Ƙasa da 70 suga ya faɗi, ƙasa da 54 ya faɗi sosai. Sama da 250 a nemi kiton a fitsari.

A wanke hannu da sabulu a shanya kafin a soka. Yatsar da ta taɓa mangwaro ko dabino za ta ba ku lambar ƙarya mai tayar da hankali. A soki gefen yatsa, ba tsakiyarta ba, ya fi sauƙin zafi.

Shawarar masana ita ce a gwada sau shida ko fiye a yini, amma kowa ya san kuɗin tsinken gwaji. Idan ƙarfinku bai wuce biyu ko uku ba, ku riƙe na safe kafin karin kumallo da na dare kafin barci, na ukun kuwa ku riƙa juya shi: yau kafin abincin rana, gobe awa biyu bayan tuwon dare, wata rana ƙarfe biyu na dare. Cikin mako biyu za ku ga inda matsalar take. Ku ajiye wasu tsinkaye da ba a taɓawa sai ranar rashin lafiya. Kowace lamba a rubuta ta a littafi tare da lokaci, yawan allura da abin da aka ci, domin da wannan littafin ne likita zai gyara allurar. Kuma kada a yi wa yaro faɗa kan lamba. Yaron da ake tsawata wa idan ya nuna 300, ba da daɗewa ba zai koyi rubuta 120.

Duk wata uku a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan watannin baya. Kashi 7 yana daidai da matsakaicin 154, kashi 9 kusan 212, kashi 12 kusan 300. Idan kuna kan 12, kada ku ce 7 ta yi nisa ku saduda. Saukowa zuwa 10 riba ce ga ƙwaƙwalwa, daga 10 zuwa 8.5 wata ribar ce. Yaron da ke da sikila ko ƙarancin jini mai tsanani, wannan gwajin kan ba da lambar da ba daidai ba, don haka a sanar da likita ya fi dogara da littafin gida.

Mataki na uku: allura, kullum

Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da wannan ciwo ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Mutum na farko da aka yi wa allurar, a watan Janairun 1922, yaro ne ɗan shekara 14. Daga wancan lokaci zuwa yau ba a samu abin da ya maye gurbinta ba. Zogale, shuwaka, garahuni, habbatus sauda, duk ba sa yin aikin insulin. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi allura.

Akwai wani tarko da ya kamata ku sani tun kafin ku faɗa masa. Makonni ko watanni kaɗan bayan fara allura, ragowar ƙwayoyin da ba su mutu ba kan farfaɗo su ɗan yi aiki. Bukatar insulin ta ragu, suga ya daidaita, har ya riƙa faɗuwa. Daidai wannan lokacin ne ake cewa jiƙon da aka karɓo ya yi aiki, yaro ya warke. Sai a ajiye allura, bayan 'yan makonni a kwashe shi zuwa asibiti a sume. Idan kun ga suga na yawan faɗuwa, likita zai rage yawan allurar, amma ba a dainawa.

Yawan abin da za a yi likita ne ke tsarawa, kuma yana sauyawa da girman yaro. Naku shi ne kula da waɗannan. Ku duba kwalba da sirinji su dace: insulin mai lamba 100 da sirinji mai lamba 100, mai 40 da mai 40. Haɗa su a gicciye na iya ninka allura fiye da sau biyu ko ya rage ta ƙasa da rabi. Insulin mai kama da madara a murza ta tsakanin tafin hannu har ta haɗe. Insulin ta abinci irin ta da, mai garau, ana yin ta minti 20 zuwa 30 kafin ci, ta zamani mai sauri kuwa minti 10 zuwa 15. Yin allura bayan an gama ci yana cikin manyan dalilan da suga ke tsalle zuwa 300 bayan kowane abinci. A riƙa sauya wuri tsakanin ciki, cinya, ɗuwawu da dantse. Yara na son wurin da ya yi ƙulli domin ba ya zafi, amma insulin da aka zuba a ƙulli ba ta shiga jini yadda ya kamata: yau ta ƙi aiki, gobe ta zubo gaba ɗaya.

Idan ɗanku na kan gaurayayyiyar insulin ta safe da yamma, lokacin abinci ba ya motsawa, kuma ɗan abin taɓawa na hantsi da na kafin barci dole ne. Ku tambayi likita ko za a iya mayar da shi tsarin allura ɗaya mai dogon aiki da ƙanana kafin kowane abinci. Sukan sun fi yawa, amma a ganina ya fi dacewa da rayuwar yaro, wanda yau ya cinye kwano gobe ya ture.

Ajiya kuwa, kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, ba wurin ƙanƙara ba. Insulin da ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe tana yin kimanin mako huɗu. Inda babu wuta, a sa kwalbar cikin leda ko gwangwani mai murfi, a saka a ƙaramar tukunyar ƙasa, a sa ƙaramar cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa ce don adana kayan miya, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma ta fi aiki a busasshen zafi irin namu. Aljihun mota da bakin taga su ne ke kashe insulin.

Mataki na huɗu: abinci

Ba a yi wa yaro mai ciwon suga horon yunwa. Ƙwaƙwalwa mai girma na bukatar abinci, kuma yaron da aka ƙuntata wa alkama da ganye kawai zai tsumbure, ya kuma koyi sata a kicin. Ya ci abin da gida ke ci, sai dai a auna. A ware masa kwano ɗaya da ludayi ɗaya, a san malmala nawa ce tasa, ta yadda tuwon yau zai yi daidai da na jiya. Tuwon shinkafa, waina, farin burodi, taliya da koko suna ɗaga suga da sauri. A haɗa su da wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, ƙosai ko alale, a yawaita miyar kuka, kuɓewa, taushe da kwaɗon zogale ko rama, sai hawan ya yi sauƙi. Lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi masu sukari, rake da alawa, a bar su sai lokacin da suga ya faɗi. Zuma ma tana ɗaga suga kamar sukari. Ranar suna ko sallah a bar shi ya ɗanɗana tare da abinci, a gwada bayan awa biyu. Ku kuma zauna da kakanni ku yi musu bayani, domin galibi ta wurinsu alawa ke shigowa.

Mataki na biyar: idan suga ya faɗi

Sanin yadda ake maganin faɗuwa shi ke cire tsoron da ke sa a bar yaro a sama, don haka kowa a gida ya iya wannan, har yayyensa.

Alamun su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, bugun zuciya, ciwon kai, fushi ko kuka ba dalili, magana na harɗewa, tafiya na tangaɗi. Ƙaramin yaro ba zai iya faɗa ba, sai dai ku ga ya yi laƙwas ko ya rikice. Idan da na'ura a gwada, idan babu a yi magani kawai. Ma'aunin shi ne kusan giram 0.3 na sukari ga kowane kilo na nauyinsa: mai kilo 20 cokalin shayi ɗaya da rabi, mai kilo 30 cokali biyu, mai kilo 50 cokali uku zuwa huɗu, a narka a ɗan ruwa. Rabin kofin lemon kwalba mai sukari ma ya yi. Cakulan da madara ba sa sauri saboda maiƙo. A zaunar da shi, a jira minti 15, a sake gwadawa. Idan bai haura 70 ba a maimaita. Idan ya haura kuma abinci da saura, a ba shi ɗan burodi ko ayaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗura kwalba guda da faranti guda saboda firgici, sai suga ya tashi daga 60 ya dira 350, ƙwaƙwalwa ta sha duka biyu a yini ɗaya.

Idan ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Idan kuna da allurar gulukagon, mai ɗaga suga da gaggawa, a yi masa. Idan babu, a lakato zuma ko jiƙaƙƙen sukari kaɗan a shafa a cikin kuncinsa, a nufi asibiti mafi kusa, a gaya musu yana kan insulin. Yaro mai ciwon suga da ya faɗi yana fizge-fizge, kafin a ce iska ce ko farfaɗiya, a ɗauka suga ne.

Dare ne ya fi wuya. Yaron da ya buga ƙwallo da la'asar, jikinsa zai ci gaba da zuƙar suga har cikin dare. A irin wannan rana a gwada kafin barci, idan lambar ta yi ƙasa a ba shi abin taɓawa, a kuma tashi wajen ƙarfe biyu ko uku a sake dubawa. Mafarkin firgita, jiƙa shimfiɗa da gumi, ko tashi da ciwon kai, alamu ne na faɗuwar dare. Idan abin ya maimaitu, gyaran allurar yamma ake bukata daga likita, ba ƙarin koko kowane dare ba.

Mataki na shida: ranar rashin lafiya

Zazzaɓi, mura ko maruru suna ɗaga suga ko da yaro ba ya cin komai. Saboda haka ƙa'idar ita ce ba a tsayar da insulin don ya ƙi abinci. A gwada suga duk awa biyu zuwa uku, a gwada kiton da tsinken fitsari. A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan: idan suga na sama, ruwa zalla ko romo, idan yana ƙasa, ruwan gishiri da sukari ko kunu mai ɗan zaƙi. Ku karɓi rubutaccen tsari daga likita tun kuna lafiya kan ƙarin allurar da za a yi idan kiton ya bayyana, da lambar wayar da za ku kira. Amai da ya wuce awa biyu, kiton mai yawa, numfashi mai zurfi, rikicewa, ko yaron bai kai shekara 5 ba, asibiti kai tsaye. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin kuma suna iya kayar da suga, don haka a gaya wa duk wanda zai rubuta magani. Yaron da sugansa ke sama kuma da kiton, ba ya fita wasa.

Mataki na bakwai: makaranta

Ban da illar shekaru, akwai ta nan take. Wani bincike da aka yi a Amurka kan yara 'yan firamare ya nuna suna jinkiri wajen lissafin ka idan suga ya sauka ƙasa da 54, haka kuma idan ya haura 400. Malamin da bai sani ba zai ga yaro mai gyangyaɗi, mai yawan neman izinin bayan gida, wanda ya iya hadda jiya yau ta gagare shi, sai bulala ta biyo baya. Ku je da kanku wurin malamin aji, da na islamiyya ko makarantar allo. Ku bar musu takarda guda mai ɗauke da alamun faɗuwa, abin da za a ba shi da lambar wayarku. A ba shi izinin shan ruwa, fita fitsari da cin abu a aji. Sukari ya kasance a aljihunsa, wani kuma a teburin malam. Idan ya ji alamun faɗuwa, ba a tura shi gida shi kaɗai. Ranar jarrabawa a gwada kafin a shiga, kuma bayan faɗuwa a ba shi aƙalla rabin awa kafin ya ci gaba, domin kai ba ya dawowa daidai da saurin da lamba ke dawowa. Makarantar kwana ko almajiranci a wani gari, sai an tabbatar akwai babban da ya ɗauki nauyin allura, abinci a kan lokaci da wurin ajiya.

Batun azumi na tasowa tun kafin yaro ya balaga, saboda yana ganin sa'o'insa na yi. Wanda bai balaga ba bai wajaba a kansa ba, marar lafiya kuma Alƙur'ani ya yi masa rangwame. Matashin da ya dage, a je wurin likita makonni kafin watan, a kuma yi yarjejeniya cewa zai karya da zarar suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Wanda ya yi DKA ko suma a 'yan watannin baya, kada ya ɗauka.

Abin da za ku je da shi asibiti

Ku nemi a haɗa ku da likitan yara da ya ƙware a wannan fanni. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen yara, haka manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Ku tambaya ko asibitin na cikin wani shirin tallafi irin Life for a Child, wanda ke samar wa yara insulin da kayan gwaji a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Idan kuna da hali, na'urar da ake manna wa a dantse mai auna suga dare da rana tana nuna hawa da saukar da sukan yatsa ba ya kamawa, ko da na mako biyu ne kawai lokaci-lokaci.

Kowace ziyara ku tafi da littafin lambobi, kwalaben insulin, sirinji da na'ura, sannan da katin sakamakon makaranta. Idan karatu ya ja baya, ko yaro ya fara mantuwa, ko ba ya iya bin umarni biyu a jere kamar da, ku faɗa. Ba kullum suga ne dalili ba. Raunin aikin ƙwayar maƙoƙo da ke wuya (thyroid), wanda ya fi yawa a masu wannan ciwo, ƙarancin jini, rashin barci, matsalar gani da yawan fashin makaranta duk suna rage fahimta, kuma duk ana maganinsu. A duba damuwa ma, musamman ga 'yan mata da samari da suka fara jin kunyar allura a gaban abokai. Lokacin balaga jiki na bukatar insulin fiye da da, kuma daidai lokacin ne iyaye ke sakin ragama suna cewa ai ya girma. Ku bar shi ya soki kansa, amma har ya kai shekara 17 ko 18 wani babba ya riƙa ganin allurar dare da idonsa, ya kuma buɗe ma'ajiyar na'urar ya gwada ta da abin da ke rubuce a littafi, aƙalla sau ɗaya a mako.